Tsakanin mai gadi da mai hura: wa ke da ikon hana hoto a Adar?



Duk wanda ya taɓa rataya kyamara ya bar garin Tawa ya nufi arewa, wajen Afala da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ya san ba ya yin nisa kafin a tsai da shi. Sau da yawa ma sau biyu ake tsai da shi a yini guda, kuma mutum biyu ne masu tsai da shi, waɗanda ba su san juna ba, ba su kuma yi shawara ba.

Na farko yana zaune bisa benci a ƙofar wani sabis, tun cikin gari. A ce saurayi ne ɗan ƙasa, mai sana'ar hoton biki da na suna, ya ga hasken hantsi ya faɗa kan wani tsohon gini na zamanin Nasara, abin ya ba shi sha'awa, ya ɗaga kyamara. Kafin ya danna sau biyu sai ya ji tsawa: «Kai yaro! Mi kake bida nan? Wa ya ba ka izni?» Saurayi ya ce: «Baba, yi haƙuri, bisa hanya nike tsaye, ginin kawai nike so.» Mai gadi ya ce an hana. Saurayi ya tambayi wanda ya hana da inda aka rubuta. Mai gadi ya ce: «Ni dai an ce mini an hana. Goge shi gabana, ko mu tahi ciki ka yi bayani.» Kafin a ce me, ƴan kabu-kabu da mai shayi da almajirai sun kewaye su. Wani ya ce ɗan jarida ne, wani ya ce ai irinsu ne ke kai rahoto daji. Da jin wannan kalma ta ƙarshe saurayi ya goge hoton, ya ƙara da ban haƙuri, ya hau babur ɗinsa jiki na ɓari.

Ta biyu tana zaune ƙarƙashin rumfar kara a bakin kasuwar wani ƙauye na ƙasar Afala, ga ƙwaryar hura gabanta, ga goyo a baya. Saurayin nan dai ya iso, ya ga abin ya yi kyau, ya ɗauka ba tare da ko sallama ba. Matar ta ja gefen zane ta rufe fuska, ta ce: «Ɗana, mi na yi ma? Ina za ka kai ni?» Ya yi dariya ya ce: «Inna, ba komi, hoto ne kawai.» Ya wuce abinsa. Babu wanda ya kama masa hannu, babu wanda ya ce ya goge.

Da maraice, in ya zauna yana duba abin da ya samo, zai tarar ya goge bango wanda ba shi da mutuncin da zai zube, ya adana fuskar matar aure wadda ta ce ba ta so. Ya ji tsoron mai sanda, ya raina mai ludayi. Wannan juyin waina shi ne abin dubawa a wannan fili, domin ba laifin saurayi ɗaya ba ne, ɗabi'a ce da ta daɗe tana bin masu hoto, baƙi da ƴan gida.

A fara da tambayar matar. Wasu baƙi sun daɗe suna rubuta cewa mutanen karkara na gudun kyamara ne don tsoron kada ta sace musu kurwa. Wanda ya san Adar ya san wannan magana ba ta kai ko'ina ba. Adarawa mutanen bida ne: shekara da shekaru samarinsu na tafiya Abijan da Legas da Libiya, kuma tun kafin zuwan salula ɗan bida kan shiga shagon mai hoto da sabuwar riga da agogo da rediyo, ya aiko da hoton gida don mahaifiya ta tabbata yana raye, budurwa ta tabbata yana samu. Hoton katin ɗan ƙasa, hoton maniyyaci, hoton ango da abokai, duk an saba da su. A filin kokawa, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a nan Tawa cikin 1975, shekarar da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, ƴan kallo har tsalle suke yi don kyamara ta same su. Ashe ba hoton ake ƙi ba. Abin da ake ƙi shi ne a ɗauki mutum kamar yadda ake ɗaukar jaki ko rumbu, a tafi da kamanninsa inda bai sani ba.

Kuma tarihi ya ba matar nan gaskiya. A farkon ƙarni na 20, wani Bafaranshe mai suna Edmond Fortier, mazaunin Dakar, ya buga dubban katunan gidan waya da hotunan mutanen Afirka ta Yamma, da yawansu ƴan mata ne tsirara daga ƙugu zuwa sama, aka yi ta sayar da su ga sojoji da ma'aikatan mulkin mallaka suna aikawa gida, babu sunan yarinya ko ɗaya a jiki. Daga baya ido ya koma kan Bararoji, masu kiwo a arewacin wannan jaha. Littafin hotunan Carol Beckwith na 1983 da fim ɗin Werner Herzog na 1989 sun sa fuskar saurayin Bororo mai kwalliyar gerewal ta zama abin da duniya ta fi sanin Nijar da shi. Ayyuka ne masu kyau, amma bayansu ayarin masu yawon buɗe ido ya biyo, har makiyaya suka gane cewa fuskarsu haja ce, suka fara sa mata kuɗi. Wanda ke jin haushin a ce masa «kawo dala» kafin ya danna, ya tuna ba su suka fara kai abin kasuwa ba.

Yau kuwa nisan tafiyar hoto ya wuce na kati da littafi. Hoton da aka ɗauka da hantsi a Afala yana iya isa Abijan kafin azahar ta WhatsApp, ya faɗa hannun mijin da ya shekara biyu bai zo gida ba, tare da maganar da wani ya ga dama ya liƙa masa. An san yadda irin wannan ke ƙarewa a gidan aure. An ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Mai hura ba ta karanta doka ba, amma tambayar da ta yi ita ce ainihin abin da dokar kare bayanan mutum ta ƙunsa, wadda Nijar ta kafa ranar 3 ga Mayu 2017, aka sabunta ta a 2022, har da hukuma ta musamman mai kula da ita: kafin a tara abin da ke nuna ko wane ne mutum, a gaya masa dalili, a nemi yardarsa.

Sai a komo kan mai gadi, domin shi ma yana da tasa gaskiyar, kuma rashin adalci ne a mai da shi abin dariya. Mutum ne mai ɗan albashi, wanda aka ce masa in wani abu ya faru a ƙofar nan shi za a fara tambaya. Kuma abubuwa sun faru. A Nuwamba 2009 wasu ƴan bindiga sun yi yunƙurin sace ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka a cikin garin Tawa. Ranar 6 ga Oktoba 2016 an kashe jami'an tsaro 22 a Tazalit, ƙasar Tasara, inda suke gadin ƴan gudun hijirar Mali. Kwana takwas bayan haka aka shiga Abalak aka sace Ba'amurke Jeffery Woodke, wanda bai sami kansa ba sai a Maris 2023. Mutum biyu aka kashe a gidan daren nan, masu tsaronsa ne. A Maris 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a gundumomin Tiliya da Tasara, aka yi ta sabunta ta. Ranar 21 ga Maris 2021 mahara bisa babura suka faɗa wa Intazayen da Bakorat da Wistan a ƙasar Tiliya, gwamnati ta ƙidaya gawa 137. Daga Afala in aka miƙe arewa, can ake dosa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mai gadin da ya ga baƙuwar fuska na auna ƙofarsa da kyamara, ba mahaukaci ba ne in gabansa ya faɗi.

Sai dai wannan «an hana» da ke bakinsa ta girmi ƴan ta'adda. Gadonta aka yi. A zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, baƙon da ya sauka a gari kamar Tawa ko Agadas sai ya fara kai fasfo ɗinsa ga ƴan sanda, kuma mai son ɗaukar hoto sai ya nemi takardar izini ga hukuma. Mulkin ya wuce, babban taron ƙasa na 1991 ya zo da ƴancin faɗar albarkacin baki, jaridu masu zaman kansu suka tsiro, amma abin da aka shuka a zukatan ƙananan ma'aikata bai tuge ba: duk abin da ba a ce a yi ba, to an hana shi. Shi ya sa har gobe ake iya tsai da mutum don ya ɗauki tashar mota, ko kwalbati, ko layin mata a bakin famfo, ba tare da an iya nuna masa layi ɗaya a rubuce ba.

Abin mamaki, baƙo ya fi ɗan gida sanin iyakarsa. Takardar gargaɗin da ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta daɗe tana ba matafiyanta masu zuwa Nijar ta jera musu wuraren da za su kauce wa: barikin soja, filin jirgin sama, fadar shugaban ƙasa, gidajen rediyo da talabijin, ofisoshin jakadanci, da su kansu sojoji da ƴan sanda, ta kuma ce a nemi iznin mutum kafin a ɗauki fuskarsa. Gajeren jeri ne, mai hankali ba zai yi gardama da shi ba. Amma ɗan Afala mai kyamara, a wane allo zai karanta irin wannan jeri cikin Hausa ko Tamajak? Inda babu allo, fushin mai gadi shi ne doka, kuma doka irin wannan takan sassauta da ɗan goro, ta tsananta ga wanda ba shi da kowa.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, hoton bango ne aka goge. Abin damuwar shi ne hannun da ya saba rufe kyamara a kan bango, shi ne ke rufe ta ranar da ake bukatar shaida. A Mayu 1990, bayan harin da aka kai Cintabaraden, sojoji sun yi ramuwar gayya kan Abzinawa fararen hula a arewacin wannan jaha. Da babban taron ƙasa ya zauna a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, maganar ta fito fili ta bakin shaidu, amma har yau lissafin bai daidaita ba: hukuma ta ce mutum 70, ƙungiyoyin waje suka ce 600, Abzinawa suka ce sun haura 1000. Tsakanin 70 da 1000 akwai iyalai masu yawa da ba su da abin nunawa sai hawaye.

Shekarar 2005 ta nuna abin ta fuska biyu. Fari da ɗango sun cinye amfanin gonar 2004, mutum fiye da miliyan 3 suka shiga halin ƙarancin abinci, jahohin Tawa da Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda abin ya fi shafa. An yi wata da watanni ana kiran duniya ba ta amsa ba, sai a Yuli 2005 da BBC ta nuna hotunan yara masu tamowa daga Maraɗi. Jan Egeland, mai kula da agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, da bakinsa ya yarda cewa sai da aka ga hotunan yara na mutuwa sannan duniya ta farka. Gani ya kori ji. Shugaba Tanja Mamadu ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasar, kuma a Afrilu 2006 gwamnati ta janye wa wata tawagar BBC iznin ɗaukar rahoto kan ƙarancin abinci. Hoto ya kawo buhun hatsi, kuma hoto ya ba masu mulki kunya. Amma akwai tambaya ta uku da ba a cika yi ba: iyayen nan mata da aka nuna wa duniya da nono busasshe da ɗa kwance a cinya, su nawa aka tambaya, su nawa suka san fuskarsu za ta hau allunan neman taimako a biranen Turai? Masu ɗauka sun riƙe takardar ma'aikata daga Yamai. Takardar uwar yaro ce ba a cika nema ba.

Wani darasin ya zo a ƙarshen 2007, lokacin tawayen MNJ. Ƴan jarida biyu na Faransa, Thomas Dandois da Pierre Creisson, masu yi wa tashar Arte aiki, sun karɓi iznin ɗaukar rahoto kan murar tsuntsaye a kudu, sai suka zarce arewa wajen ƴan tawaye. An kama su ranar 17 ga Disamba 2007, aka tuhume su da yi wa tsaron ƙasa zagon ƙasa, aka sake su bisa beli a Janairu 2008. Direbansu ɗan ƙasa ya ƙara kwanaki a tsare bayan sun koma gida. Wanda ya nemi izni da sunan kaza ya tafi ɗaukar bindiga, ya ƙara wa kowane mai gadi hujjar ƙin yarda da maganar mai kyamara, kuma ɗan gida ne ke biyan bashin.

Yau nauyin ya ƙaru. Dokar laifukan intanet ta 3 ga Yuli 2019 ta tanadi hukunci kan yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a ko zubar da darajar ɗan Adam, kuma gyaran da aka yi mata ranar 7 ga Yuni 2024 ya kai hukuncin ɗaurin shekara 2 zuwa 5 da tarar sefa miliyan 2 zuwa 5. Tunda kowace salula kyamara ce, maganar ta wuce ƴan jarida. Ta shafi malamin lakwal da ya ɗauki ajin da iska ta yaye wa rufi, da manomin da ya ɗauki gonar da ruwa ya share, da ɗan bida da ya ce a aiko masa hoton rijiyar da suka tara wa kuɗi. Dokar da ke da faɗi haka tana bukatar a fayyace wa jama'a iyakarta, in ba haka ba tsoro zai fayyace musu, tsoro kuwa ba ya barin komi.

Hanyar fita ba sabuwa ba ce, kuma a ƙasar nan aka gwada ta. A 1954 Jean Rouch ya koma Ayoru da fim ɗin da ya ɗauka na farautar dorina, ya kafa farin ƙyalle ya nuna wa masuntan da ke cikinsa. Suka kalla, suka ce ya yi kuskure: kiɗan da ya sa a wurin farauta zai ƙara wa dorina ƙarfin zuciya, ita farauta shiru take so. Rouch ya ji, ya cire kiɗan. Daga ranar ya ɗauki al'adar mai da hoto ga masu shi. Ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni ranar 18 ga Fabrairu 2004, cikin wannan jaha, tare da shi a motar akwai Mustafa Alasan, gwanin sinima wanda ya zaɓi Tawa ta zama mazauninsa da wurin aikinsa har kusan rasuwarsa a 2015. Mutanen Tawa sun ga mai kyamara da ke zaune cikinsu, yana zuwa suna da jana'iza, kuma ba su gudu daga gare shi ba.

Saboda haka kowa da nasa aikin. Mai hoto ya sauke kyamara ya yi sallama tukuna. In ƙauye ya shiga ya fara da ƙofar mai gari, ya faɗi sunansa da na garinsu da inda hoton zai je. In mace ce ya tambaye ta ita kanta, in ta ce sai an tambayi mai gida a tambaye shi, in ta ce a'a ya karɓi a'ar. Yaro ba a ɗaukarsa sai da sanin iyaye, mara lafiya da mai karɓar sadaka sun fi kowa cancantar a saya musu. In ya ɗauka ya juya allon ya nuna, in ya sami hali ya komo da bugagge. Matambayi ba ya ɓata. Kuma kada ya gwada jarumtaka a bakin bariki ko shingen jami'an tsaro, a lokacin da ake binne sojoji.

Hukumomi kuma, daga gwamna zuwa masu riƙe da ƙananan hukumomi, su rubuta abin da aka hana, su kafa allo a wurin da aka hana, cikin harsunan da mutane ke ji, a karanta shi a gidajen rediyon karkara. Wannan zai kare mai gadin kansa, domin zai sami abin nunawa maimakon tsawa, ya kuma san cewa kasuwa da rijiya da hanyar da ta lalace ba sirrin soja ba ne. Masu ɗaukar masu gadi aiki su koya musu cewa aikinsu tambaya ne da sanar da na gaba, ƙwace kayan mutum ko tilasta masa goge abin da ke ciki ba hurumin mai gadi ba ne. Ƴan kallo su ma su riƙe harshe: kalmar «ɗan rahoto» da ake jefawa cikin taro da wasa, a wannan zamani tana iya sa a yi wa bawan Allah rotse kafin a san sunansa.

Ƙasar Afala tana sauyawa kamar kowace ƙasa. Rumbunan laka na ba kwano wuri, rijiyoyin guga na ba famfo wuri, tsofaffin da suka ga yunwar 1973 da ta 1984 suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. In ƴaƴan ƙasar ba su ɗauki waɗannan da hannunsu ba, cikin yarda da mutunci, jikoki za su nemi kamannin kakanninsu a ɗakunan ajiya na Faransa, ƙarƙashin sunan wanda ya ɗauka, babu na wanda aka ɗauka. Saurayin nan mai babur yana da sauran dama: ya koma rumfar kara, ya durƙusa ya gai da Inna, ya sayi hura ta dala ashirin, ya nuna mata abin da ya ɗauka, ya tambaye ta ko a bari ko a goge.

Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya ba da damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai rai.